Iyalin Ɗan Mishan da Inuwar Giginya

Mu 'yan Katolika na Arewa, idan aka ce mana ɗan mishan, wanda yake fara faɗo mana a rai shi ne Fada da farar rigarsa, shi kaɗai a kan keke ko babur, ko kuwa Sista a asibiti ko a cikin aji. Haka muka gaji abin. Firistoci uku na ƙungiyar SMA da suka iso Shendam a shekara ta 1907 ba su zo da mata ko 'ya'ya ba, waɗanda suka biyo sawunsu ma haka. Amma maƙwabtanmu na sauran ikilisiyoyi sun san wani irin ɗan mishan dabam, wato mutum da matarsa da yara biyu ko uku, waɗanda suka baro Amurka ko Kanada ko Ingila da akwatunan tufafi da tukwane, suka zo suka kafa gida a Jos, ko Garkida, ko Galmi ta ƙasar Nijar, inda mishan ta SIM ta buɗe asibiti a 1950.

Duk wanda ya yi maƙwabtaka da irin waɗannan gidaje ya san yadda yininsu yake tafiya. Da asuba addu'a. Maigida ya wuce asibiti, ko makarantar Littafi Mai Tsarki, ko ɗakin fassara. Uwargida ta tafasa ruwan sha ta tace, ta zaunar da ƙananan yara a teburin cin abinci ta koya musu karatu, sa'an nan ta shiga kasuwa tana cinikin tumatir da dankali da Hausarta mai gargada, 'yan kasuwa suna dariya suna gyara mata. Da dare a sha maganin zazzaɓi, a saki gidan sauro. Ran Asabar kuwa, ko lokacin hutu, sai a zuba yara a mota da kwandon abinci, a nufi inda ruwa yake gangarowa daga dutse a Assop, ko a hau duwatsun Shere. In hutun ya yi tsawo a je Yankari, yara su ga giwaye, su yi iyo a ruwan ɗumi na Wikki. To, a nan ne tsegumi yake tashi. Mutum yana gona da fartanya, ya ɗaga kai ya ga mota ta wuce da ƙura, sai ya ce wa na kusa da shi, "Wai waɗannan wa'azi suka zo yi, ko shan iska?"

Bai kamata mu yi watsi da wannan tambaya ba, domin akwai gaskiya a cikinta. Amma a ƙarƙashinta akwai wata da ta fi ta nauyi, wadda manomin bai yi ba: yaran da suke cikin motar nan, wa ya tambaye su kafin a kawo su?

Mu dubi abin da aka biya. A watan Maris na 1923 ne Stover Kulp da Albert Helser na Ikilisiyar 'Yan'uwa suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida. A shekara ta 1924 matar Kulp, Ruth, ta rasu a kan haihuwa, jaririn ma bai rayu ba. A Miango, yamma da Jos, inda 'yan mishan suke da gidan hutu, akwai maƙabarta, kuma wanda ya bi layin kaburburan zai ga da yawa gajeru ne, na yara. Waɗanda suka rayu kuwa, ilminsu ya zama matsala, shi ya sa aka buɗe makarantar Hillcrest a Jos a 1942, aka kuma buɗe Kent Academy a Miango bayan ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai sai a ɗaure masa akwati a kai shi makarantar kwana, iyayensa su koma tashar da take da nisan kwana ɗaya ko biyu, ba zai sake ganinsu ba sai hutu. Da yawa daga cikin yaran nan sun tsufa yanzu, sun kuma yi magana. Wasu suna tuna ƙuruciyarsu a Filato da godiya, har suna cewa nan ne gida. Wasu kuwa sun ce har yau ba su warke daga ciwon ranar da mota ta juya ta bar su ba, kuma abin da ya fi yi musu zafi shi ne an gaya musu cewa domin Allah aka yi, saboda haka ba su sami wanda za su kai wa ƙara ba.

Uba ya ji kira, uwa ta ce amin. Yaro bai ji kome ba, amma shi ma ya sha zazzaɓin, ya yi rashin kakanni, ya girma tsakanin ƙasa biyu, ba a ɗauke shi cikakken ɗan gari a ko ɗaya ba. Shin halal ne mutum ya yi wa Allah alkawari, wani ya biya? Littafin Mahukunta, sura ta 11, ya ba mu labarin Yefta, wanda ya yi wa'adi da bakinsa a lokacin yaƙi, wa'adin ya faɗa a kan 'yarsa tilo. Ba a rubuta labarin nan domin mu yi koyi da shi ba. Ubangijinmu da kansa, a sura ta 7 ta Bisharar Markus, ya tsawata wa masu ɗaukar abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi su ce sun keɓe wa Allah. Idan Allah bai karɓi baikon da aka ƙwace daga bakin tsoho ba, da wuya ya karɓi wanda aka ƙwace daga ƙuruciyar yaro.

Akwai amsa mai sauƙi da ɗan Katolika zai iya bayarwa, ya ce, ai shi ya sa firistocinmu ba sa aure. Gaskiya ne Manzo Bulus ya nuna wa Korintiyawa cewa mai aure hankalinsa rabe yake, kuma rashin aure domin Mulkin Allah baiwa ce da Ikilisiya take riƙe da ita da daraja. Amma wannan amsa ba ta fid da mu. Bulus ɗin nan ne ya shaida cewa Bitrus da waɗansu manzanni suna tafiya da matansu. Shi ne kuma ya sauka a gidan Akila da matarsa Bilkisu a Korinti, mutanen da Sarki Kalaudiyas ya kora daga Roma tare da sauran Yahudawa wajen shekara ta 49. Daga Korinti suka bi Bulus zuwa Afisa, daga baya muka same su sun koma Roma, kuma a Afisa da Roma duka jama'ar masu bi a gidansu take taruwa. Ikilisiya tana tunawa da su ran 8 ga Yuli. Majalisar Batikan ta Biyu ta kira iyalin Kirista ikilisiya ta cikin gida, Paparoma Yohanna Bulus II kuwa, a wasiƙarsa ta 1981 a kan iyali, ya yabi ma'auratan da suke ba da waɗansu shekarun rayuwarsu ga aikin mishan. Fiye da wannan duka, mu tambayi kanmu, wa ya kai bangaskiya ƙauyukan da Fada yake zuwa sau ɗaya a wata biyu? Katikis ne, da matarsa, da 'ya'yansa. An ɗauko shi daga Kudancin Kaduna ko Filato an kai shi cikin Maguzawan Kano ko Katsina, ko wani gari da ba a jin harshen uwarsa. Baƙunci ba sai an haye teku ba. Saboda haka tambayar nan tamu ce, a cikin gidanmu take.

Abin da muke gani shi ne, laifin ba a tafiyar yake ba. Babu yaron da ya zaɓi garin da za a haife shi. Ɗan bafatake ya girma a kan hanya, ɗan soja a bariki, ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa a tashoshi dabam dabam daga Kafanchan zuwa Nguru, ba wanda ya ce iyayensu sun yi zunubi. Iyaye kullum suna yanke wa 'ya'ya shawara, haka Allah ya tsara. Yusufu ma bai nemi ra'ayin Jariri ba kafin ya ɗauke shi da uwarsa da dare zuwa Masar. Abin da yake akwai shi ne, duk wanda ya yanke wa wani shawara ya ci bashinsa. Iyayen da suka raba yaro da danginsa da ƙasarsa saboda kiransu, bashin da yake kansu ya fi na sauran iyaye, domin sun cire masa kakar da za ta goya shi, da kawun da zai kai shi gona, da 'yan'uwan wasa. Duk waɗannan guraba, su ne za su cike su, kuma ba a cike su da kuɗi ko da addu'a kawai. Da lokaci ake cike su.

Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya koyar cewa ƙauna tana da tsari. Muna ƙaunar kowa, amma wajen ciyarwa da kulawa, wanda Allah ya ɗaura mana shi ne na farko, sai dai in baƙo yana cikin matsananciyar bukata, kamar wanda rai yake hannun Allah. Bahaushe ya riga ya san wannan, shi ya sa ya yi wa wani irin mutum kirari da inuwar giginya, na nesa ka sha. Giginya doguwa ce, kyakkyawa, ana hango ta daga nesa, amma wanda ya zauna a gindinta rana ce take dukansa. Akwai ma'aikatan Allah irin wannan. Gari duka yana yabonsu, ƙofarsu a buɗe dare da rana, amma ɗansu bai taɓa samun yini guda nasa ba. Irin wannan yaro, in ya girma ya juya wa coci baya, mukan ce duniya ce ta ruɗe shi, alhali kuwa kishiya ya ɗauki cocin tun yana ƙarami, ita ce ta ƙwace masa uba.

In haka ne, motar nan da ta wuce manomi ran Asabar ba lalle gudun aiki take yi ba. Wataƙila biyan bashi za ta. Yinin da uba ya ajiye littattafansa ya riƙe hannun 'yarsa suna tsallake duwatsu, yinin da uwa ta zauna a inuwa ba mai neman magani a bakin ƙofa, wannan yini hakkin yaran ne, ba alfarma ba. Manyan ma suna bukatarsa. Akwinas ya kawo wani tsohon labari game da Yohanna mai Bishara: wasu sun same shi yana wasa da almajiransa, abin ya ba su haushi, sai ya ce wa wani mai baka a cikinsu ya yi ta harbi. Da ya harba sau da yawa, ya tambaye shi ko zai iya ci gaba ba tsayawa, mutumin ya ce bakan zai karye. Duk maharbi a ƙasarmu ya san ba a ajiye baka a ɗame. Har ma malamin ya ƙara da cewa mutumin da ba ya wasa sam, wanda ya zama nauyi ga na kusa da shi, shi ma yana da aibi. Ubangiji kuma, sa'ad da manzanni suka komo daga aiken da ya yi musu, jama'a ta yi yawa har ba su sami damar cin abinci ba, shi ne ya ce su shiga jirgi su tafi wurin da ba kowa su ɗan huta.

Amma fa kada mu sallami manomin nan da gaggawa. Abin da ya gani ba hutu kaɗai ba ne. Ya ga mota, shi ba shi da keke. Ya ga man da aka ƙona domin kallon ruwa, alhali matar maƙwabcinsa a kan amalanke aka kai ta asibiti. Ya ga kwandon abinci a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Wanda ya zo yana wa'azin Allah da ya zama matalauci saboda mu, dole ya san ana auna maganarsa da kayansa. Kuma tarihi bai ɓoye ba cewa waɗansu gidajen mishan sun zama tsibiri, da shinge, da kare, da kuku da boyi da suke shiga ta ƙofar baya, yaran gidan kuwa sun shekara goma a gari ba su taɓa sa hannu a ƙwaryar tuwon maƙwabta ba. Irin wannan gida, ko bai taɓa fita shan iska ba, ya riga ya yi nisa da mutane.

Saboda haka, a ganinmu, ba a tambayar ko iyalin ɗan mishan suna fita. Abin tambaya shi ne ina da ina suke zuwa. Idan ƙafarsu ta san hanyar Yankari amma ba ta san gidan suna ba, ba ta san gidan biki ba, ba ta san zaman makoki ba, to tsegumin ya yi daidai. Zumunta a ƙafa take. Amma idan uwargidan nan ta zauna a tabarma cikin mata ranar da aka yi rashi, ta yi shiru tare da su har yamma ko da ba ta jin rabin abin da ake faɗa. Idan maigidan ya je barka da salla gidan maƙwabcinsa Musulmi, ya ci abin da aka kawo masa. Idan yaransu suna dawowa gida da ƙura har gwiwa da Hausar da ta fi ta iyayensu, to ranar da suka ɗauki kwando suka fita, mutanen unguwa da kansu za su ce a sauka lafiya. Sau da yawa ma za ka ga an cusa yaran maƙwabta biyu ko uku a bayan motar. Ba muna cewa kowace fita sai an kwashi unguwa ba. Iyali yana da hakkin yini nasa shi kaɗai, wanda kuma bai yarda da wannan ba, bai taɓa zama baƙo ba, bai san gajiyar mutumin da ido yake kansa daga safe har dare ba. Sai dai mu tuna yadda hutun manzanni ya ƙare: jama'a suka riga su isa wurin da ƙafa, Ubangiji kuwa bai kore su ba, ya ji tausayinsu, ya koya musu, ya ciyar da su. Hutun Kirista yana da ƙofa, amma ƙofar ba ta da kwaɗo.

Akwai kuma wani abu da mu firistoci ya kamata mu faɗa da bakinmu. Akwai wa'azin da ba za mu iya yi ba. Muna iya tsayawa a bagade mu bayyana sakramentin aure, mu faɗi yadda miji zai ƙaunaci matarsa, amma ba wanda zai leƙa gidan Fada ya ga yadda ake yin haka. A gidan mai iyali ake gani. Maƙwabta suna lura da yadda mutumin nan yake yi wa matarsa magana sa'ad da ransa ya ɓaci, ko yana ɗaukar jariri in tana aiki, ko 'yarsa mace tana samun karatu daidai da ɗansa namiji, ko ana biyan mai aikin gidan a kan lokaci, ko ana kiransa da sunansa. Gani ya kori ji. Mai sayar da albasa ba za ta taɓa shiga majami'a ba, amma ta san ko uwargidan nan tana gaisuwa kafin ta taya kaya. Akila da Bilkisu ɗinkin tanti suke yi, yawancin yininsu da allura da fata ya wuce, kuma sa'ad da suka ji Afolos, masani mai iya magana, yana koyarwa a Afisa da sauran gyara, ba a bainar jama'a suka ƙure shi ba, jan shi suka yi gefe suka ƙara fahimtar da shi. Aikin gida ne wannan, irin wanda ake yi a kan tabarma bayan an ci abinci. Linjila ba ta gaya mana kome game da zaman Iyali Mai Tsarki a Masar ba, kuma daga shekarun Nazarat labari ɗaya tak ta ba mu, shi ma na tafiya ne: zuwa idi a Urushalima cikin ayarin dangi da abokai, inda Yaron ya ɓace musu kwana uku yana ɗan shekara 12.

Yau abin ya juya. Turawan mishan sun ragu ƙwarai, rashin tsaro ya sa hanyoyi da yawa ba sa biyuwa kamar da. Mu ne yanzu muke aikawa. Ƙungiyar Mishan ta Waliyyi Bulus, wadda aka kafa a ƙasar nan a 1977, tana da firistoci a ƙasashe da dama, har da Turai da Amurka. Ban da su, ga 'ya'yanmu ma'aikatan jinya da malamai da suka tafi Ingila da Ailan da iyalansu. Ba bishop ne ya aike su ba, neman abinci ya kai su, kamar yadda umarnin sarki ya kai Akila Korinti, amma a majami'u da yawa na can su ne suke cike kujerun da suka daɗe ba kowa. Su ma yaransu ba a tambaye su ba. Su ma suna girma ba kaka, ba kawu, Hausa ko harshen gida yana zame musu. Mu kuwa da muke gida, in muka ga hotonsu a waya suna bakin teku, mun san abin da yake fitowa daga bakinmu: ga su can suna holewa, ba su aiko da kuɗin taki ba. Maganar manomin nan ce, ba a canja ko kalma ɗaya ba. Ba mu ga daren da uwar ta kwana a tsaye a asibiti ba, ba mu kuma san cewa yinin nan a bakin teku wataƙila shi ne kaɗai yaran suka samu tare da iyayensu biyu a cikin watan ba.

Na kusa da mu kuwa, wanda alhakinsa yake wuyanmu kai tsaye, shi ne katikis. Idan kwamitin coci ya zauna a kan maganarsa, yawanci abu biyu ake dubawa, ɗan abin da za a ba shi a wata, da ko yana zuwa a kan lokaci. Da wuya a ji wani ya tambayi nisan makarantar firamare daga gidan da aka ba shi, ko inda matarsa za ta haihu, ko yaushe rabon yaransa da ganin kakanninsu. Lahadi ba hutu ba ce gare shi, sauran kwanakin kuwa ga gona, ga koyar da masu shirin baftisma, ga jana'iza. Ya kamata kowane kwamiti, da Zumuntar Mata, su sa a cikin lissafin shekara kuɗin motar iyalin nan gaba ɗaya zuwa garinsu da dawowa, ba na maigidan shi kaɗai ba. Lokacin Kirsimeti da Makon Mai Tsarki ba zai yiwu ba, domin a nan aikin ya fi yawa. Amma bayan Ista makarantu suna hutu, damina ba ta kankama ba, hanya tana biyuwa, kuma a kowace ƙaramar majami'a akwai dattijo ko biyu da za su iya jagorantar addu'ar Lahadi har mako biyu kafin su dawo.